Sabon Sirinji a Tsohon Hannu: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Lafiya

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,
Farfesa Muhammad Ali Pate,
Abuja.



  

Ranka ya daɗe, ni tsohuwar nas ce. A bakin gadon marasa lafiya ƙuruciyata ta ƙare, daga baya na koma koyar da 'yan baya har ritaya ta same ni. Na san takardun ofishinka da Turanci suke tafiya, amma na zaɓi in rubuto da Hausa kuma a bainar jama'a, domin maganar ba taka ba ce kai kaɗai. Ta mai shara ce, da atenda, da ɗalibar da aka bar wa ɗakin yara ƙarfe biyun dare. Yawancinsu ba sa ganin takardar umarni, in ma sun gani ba da su take magana ba.

Abu biyu na ji daga wajenku suka sa na ɗauki alƙalami. Ɗaya shi ne alƙawarin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000 masu hulɗa da jama'a kai tsaye. Ɗayan kuma umarnin da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a 2024, na ɗauke haraji daga injuna da kayan haɗa magunguna da kayan asibiti, har da allura da sirinji, don a riƙa yin su a gida. Duka abin yabo ne. Fargabata ita ce kowanne ya kama gabansa: kaya su shigo ta ƙofar sito, horo ya tafi ɗakin taron otal, har a gama ba su haɗu a bakin gado ba. Saboda haka roƙona guda ɗaya ne tak, sauran duk sharhinsa ne. Kada a buɗe kwalin wani sabon sirinji ko kanula mai kariya a kowane ɗaki na asibiti sai duk wanda zai taɓa shi a ɗakin nan ya riƙe shi da hannunsa, ya gwada, ya ɓata biyu ko uku a gaban wanda ya iya.

Kai likita ne, ba zan koya maka karatu ba, amma bari in ajiye lissafin saboda masu karantawa. Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. A ɗakin da ke da gado ashirin da huɗu ka ƙaddara biyu ne, kuma galibi su kansu ba su sani ba. Idan allurar da ta fito daga jijiyar ɗayansu ta soki ma'aikacin da bai yi rigakafi ba, yiwuwar ya kamu tana kamawa daga kashi 6 har zuwa 30 cikin 100, gwargwadon ƙarfin ƙwayar a jinin mai ita. Na nau'in C bai wuce wajen 2 cikin 100 ba. Na HIV, wanda shi ne kowa ke wa kallon ajali, wajen 3 ne cikin 1,000. Wanda muka fi tsoro ba shi ya fi kama mu ba. Ƙwayar B kuwa takan yi mako guda da ranta a busasshen jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa a shekarar 2000 kaɗai, sukar allura da makamantanta ta jawo wa ma'aikatan lafiya 66,000 ciwon hanta B, ta jawo wa 16,000 nau'in C, wajen 1,000 kuma HIV. Mutane ne da suka yi sallama da iyalansu da safe suka fita neman halali.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware tun daga ofishin sayen kaya, don na sha jin manya suna haɗa abu biyu su mai da su ɗaya. Sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani ɗaya ka san shi sarai tun kana shugabancin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko daga 2008 zuwa 2011. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da UNFPA suka yi kira a koma masa a aikin rigakafi, kuma ya yi rana. Amma shi maras lafiya yake karewa, don ya hana a tsira wa mutum biyu allura ɗaya. Bayan ya kulle, tsininsa na nan tsirara, yana jiran yatsan da zai same shi. Wanda ke kare ma'aikaci daban ne: mai murfin da ke manne a wuyan allura ana kifa shi da yatsa ɗaya, ko mai rigar da ake zamewa ta rufe tsini, ko wanda allurarsa ke tsalle ta koma cikin bututu. A watan Fabrairun 2015 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta haɗa duka biyun, ta nemi ƙasashe su kammala sauyawa kafin ƙarshen 2020. Ta kuma faɗi gaskiya cewa kuɗinsu ya ninka na gama-gari aƙalla sau biyu. To, abin da aka saya da ninkin kuɗi, in aka miƙa shi ga hannun da bai san sirrinsa ba, an yi asara biyu: ga kuɗi sun tafi, ga tsini na nan yadda yake.

Bari in faɗa maka yadda abin ke lalacewa, don a nan ne masu rubuta tsari ba su cika leƙawa ba.

Mu 'yan da an koya mana, kafin ki zuƙo magani daga kwalba, ki ja iska daidai yawan maganin ki tura ciki, sai ya fito da sauƙi. Hannu ya haddace wannan, ba ya neman izinin ƙwaƙwalwa. Ka ba wannan hannun sirinji mai kulle kansa. Nas ɗin tana jan iska ta tura, sandar ta kulle, ko ɗigon magani bai shiga ba. Ta jefar, ta ɗauko wani, shi ma haka. Kafin na uku ta yanke hukunci: kayan jabu ne, ɗan kwangila ya ci kuɗi. Kafin azahar labari ya zaga asibiti, kwalin ya koma ƙarƙashin tebur.

Wanda allurarsa ke komawa ciki kuwa, sharaɗinsa shi ne a danna sandar har ƙarshe, a ƙara matsawa kaɗan har ta ce ƙas, tun allurar na cikin jikin mutum. Tsohon hannu yakan tsaya inda magani ya ƙare, ya zare. Allurar ta fito tsirara kamar kowace. In kuma nas ɗin ta tuna daga baya ta danna a waje, yana iya fesa ɗan jini, wani lokaci wajen fuskarta ko ta wanda ke riƙe da yaro. Mai murfin kifawa shi ma da nasa. An yi shi don a rufe da babban yatsa ko manuniya na hannun da ke riƙe da shi, ko a danna shi a gefen tire. Wadda ba a nuna mata ba sai ta kawo ɗayan hannun ta taimaka, ta kai yatsa daidai inda ake guje masa. Wata kuma ta ga murfin yana tare mata ganin bakin allura, sai ta karya shi ta yar tun kafin ta fara. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, kuma ba daga ragwaye ba. Daga ƙwararru na gani, irin waɗanda ake tasowa daga barci in jijiya ta gagari kowa.

Kanula ce ta fi ba ni tausayi. Samun jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse fasaha ce ta kan yatsa, ana jinta ne fiye da ganinta. Sabuwar kanula mai kariya nauyinta daban, tsawon mariƙinta daban, yadda allurar ke zamewa in za a zare daban. Nas ɗin da ba ta kuskure da tsohuwa sai ta huda jijiya ta wuce da sabuwa, ga uwa tsaye tana kallo, ga yaro ya gaji da kuka, ga kaka daga bakin ƙofa tana cewa a kira wadda ta iya. Wa zai ga laifinta in ta buɗe lokarta ta ɗauko tsohuwar da ta ɓoye? Telan da ya shekara ashirin a keken ƙafa, ranar da aka zaunar da shi a na lantarki ba a miƙa masa shaddar ango, tsumma ake ba shi ya yi ta ɓatawa har ƙafarsa ta san gudun injin. Mu kuwa da jijiyar ɗan mutane ake so mu koya.

Yanzu ga abin da muke kira horo. Takarda ta zo a turo mutum biyu daga kowane asibiti. Wa za a tura? Na kusa da ofis, wanda rabonsa da riƙe sirinji tun kafin a ɗaga shi zuwa kujera, domin akwai alawus, kuma alawus ba ya gangarowa ƙasa. A yi kwana uku a otal. Ranar farko ta tafi a jawabin buɗe taro da jiran babban baƙo. A haska hotuna a bango, wakilin kamfani ya ɗaga sirinji ɗaya daga kan mumbari ya nuna wa mutum tamanin, na baya ko ƙas ɗin ba su ji ba. A ci shinkafa da kaza, a ɗauki hoto, a raba jaka da takardar shaida, a ce kowa in ya koma ya koyar da na ƙasa da shi. In an yi sa'a, koyarwar ita ce minti goma bayan zagayen safe, ba samfur ko ɗaya a hannu, masu aikin dare sun tafi gida, masu hutu ba su sani ba. A rahoton da zai iso teburinka kuwa za a rubuta an horar da kaza. Ba ƙarya aka yi maka ba, ranka ya daɗe, an dai ƙirga kujeru ne. Ba na cewa kowace bita haka take, na halarci masu amfani. Amma aikin hannu ba ya shiga ta kunne.

Horon da nake nufi ba shi da tsada kamar wancan, sai dai ya fi shi wahala, don ba ya ɗaukar hoto mai kyau. A ɗakin da za a yi aiki da kayan ake yin sa, a kan teburin nas. Mai koyarwa ɗaya daga cikinsu ce, wadda suke ganin girman hannunta, an koya mata sosai an kuma rage mata wani aikin. Ta bi kowane canjin aiki, na safe da na yamma da na dare, har ta ga bayan sunan kowa a jadawali. Kowa ya yi a kan lemo ko hannun roba, kamar yadda muka fara a makaranta, ya yi da safar hannu, ya yi da hannu ɗaya, ya ji ƙas ɗin da kunnensa, ya kuma ga yadda abin yake in bai rufu ba. Sai ta gani da idonta sannan ta sa hannu a gaban sunansa. Ranar da aka gama da ɗaki, ranar za a kwashe tsohon kaya daga cikinsa gaba ɗaya, don muddin suna tare hannu tsohon zai nufa. Bayan wata ɗaya ko biyu ta dawo, ta leƙa ta bakin akwatin zubar da allura ba tare da ta sa hannu ba. Yawan waɗanda ta hango ba a rufe ba shi ne sakamakon jarrabawar, ba abin da aka rubuta a takarda ba.

Wannan yana buƙatar abu ɗaya da ba a taɓa sa shi a kasafi: kayan ɓatawa. Mai sito yana ƙirga sirinji ɗaya-ɗaya, kuma da gaskiyarsa, shi za a tuhuma. In ba a rubuta a cikin kwangila cewa kowane kaya zai zo da rabon gwaji ba, da mai nunawa daga kamfanin da zai shiga ɗaki-ɗaki, ba wanda zai saki ko guda. Kamfanin da ke son kasuwar asibitocin tarayya ba zai ƙi wannan sharaɗin ba.

Waɗanda suka riga mu sun bar mana darasi. A Amurka, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar kare ma'aikata daga sukar allura a watan Nuwamban 2000. Abin da ya fi burge ni a dokar ba tilasta sayen kayan ba ne. Ta wajabta wa asibiti ya nemi ra'ayin ma'aikatan da ke taɓa marasa lafiya, ba shugabanni ba, wajen gwadawa da zaɓen kayan, ya kuma ajiye littafin da ake rubuta kowace suka: da wane irin kaya, na wane kamfani, a wane sashe, ta yaya. Masu bincike a Jami'ar Bajiniya sun gano cewa sukar ta ragu da kusan kashi 38 cikin 100 a 2001. Amma sun kuma gano cewa a ɗakunan tiyata, inda aka yi ta jan ƙafa wajen karɓar sababbin kayan, ƙaruwa ma ta yi da kashi 6.5. Doka ɗaya, ƙasa ɗaya, sakamako biyu. Tarayyar Turai ta bi sahu da tata ƙa'idar a 2010. A shekarar ne kuma aka wallafa wani bincike daga asibitoci 61 na Faransa, wanda ya nuna cewa kayan da ke rufe kansu ba tare da an danna komai ba su ne suka fi ƙarancin rauni, da tazara mai nisa, masu rigar zamewa da hannu kuma su ne a baya. Wannan ya shafe mu fiye da su. Nas ɗin da ke riƙe da fitilar waya a baki saboda an ɗauke wuta, ita kaɗai a kan gado talatin, kada a ba ta abin da ke buƙatar ta tuna mataki na huɗu. A bar ta ta gwada iri biyu ko uku ta faɗi wanda ya zauna mata a hannu kafin a sa hannu a kwangila. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai maganar waɗanda ba a taɓa gayyata bita ba. A wani asibiti da na yi aiki, wata dattijuwa mai shara ta ɗaga baƙar leda daga kwandon ɗakin maza, allura ta ɓullo ta gefe ta shige mata tafin hannu. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta matse wurin har ya kumbura, ta zuba masa ruwan bilic na wanke ƙasa, ta ɗaure da gefen zaninta ta ƙarasa aikinta. Sai bayan mako na lura da hannun. Da na tambaye ta dalilin shirun, ta ce ita 'yar wucin-gadi ce, in ta yi magana za a ce ta yi sakaci a sallame ta, in kuma aka ji an gwada jininta, unguwa za ta ɗauka. Ba ita ta yi allurar ba, ba ta san daga jikin wa ta fito ba, kuma duk abin da ta yi wa ciwon kishiyar abin da ya kamata ne: ruwa mai gudu da sabulu kawai ake so, ba matsa ba bilic. Ba wanda ya taɓa gaya mata. Sirinjin da nas ba ta rufe ba, hannun irin wannan baiwar Allah yake ƙarewa, ko na mai wankin zanin gado, ko na yaron da ke tonon bola bayan katanga yana neman abin fesa ruwa. Duk horon da bai sa su a lissafi ba, da harshen da suke ji, rabi ne.

Akwatin zubar da allura ma na cikin darasin. Kwalin nan mai lita biyar an ce in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi. Mu sai ya cika ya yi toro, a danna da hannu a ƙara, don babu wani a sito. Kada a ce wannan ciwon talaka ne kawai. Karen Daley, nas ce a birnin Boston, a 1998 tana jefa allura cikin akwati wata da ke ciki ta soke ta, ta kamu da HIV da ciwon hanta C a lokaci ɗaya. Ita ce ta fito fili ta yi ta faɗa har aka yi waccan dokar ta Amurka, daga baya ta shugabanci ƙungiyar nas-nas ta ƙasarsu. Duk wanda ya ba da odar sirinji bai ba da odar akwatinsa ba, bai gama sayayya ba. Kuma akwatin a inda hannu zai kai yake da amfani, ba a ƙarshen baranda ba.

Ko da kayan sun fi haka kyau, wata rana za a soku. Abin tambaya shi ne, ƙarfe ukun daren Asabar, ina wanda ya soku zai nufa? Maganin kariya daga HIV ana so a fara shi cikin sa'o'in farko, kada ya wuce awa 72, a sha kwana 28. A wurare da yawa yana kulle a ofishin da ba a buɗewa sai Litinin. Ya kamata kowane ma'aikaci, har mai gadi, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da lambar da zai kira, ya kuma tabbata ba za a tsare shi da tambayar me ya sa ka yi ganganci ba. Ranar da aka fara hukunta wanda ya kai rahoto, ranar littafin zai daina cika, shugabanni su yi ta murna da farar takarda.

Ga kuma wanda ya fi duka sauƙi, ya fi duka ciwo. Rigakafin ciwon hanta B allura uku ce cikin wata shida, tana da arha, tana aiki. Sai wajen 2004 ta wadata a jadawalin rigakafin yaranmu. Ma'ana, duk ma'aikacin da aka haifa kafin nan, wato kusan duk wanda ke riƙe da asibitocinmu a yau, da wuya ya same ta yana jariri. Wasu sun yi da kuɗinsu, wasu sun yi ɗaya sun manta sauran, masu shara da ɗalibai kuwa ba a ma maganarsu. Ranar horon nan ita ce ranar da ta fi dacewa a duba katin kowa, wanda bai yi ba a yi masa ta farko nan take, kyauta, a rubuta masa ranar dawowa.

Akwai wata matsala tamu ta gida da ba za ka same ta a littafin Turawa ba. A yawancin asibitocinmu ba sito ke ba da sirinji da kanula ba. Takarda ake rubuta wa ɗan'uwan maras lafiya ya tsallaka titi ya sayo a kemis, mai kemis kuma ya ba shi wanda kuɗinsa suka kai. Sai nas ta wayi gari da iri huɗu a tire ɗaya, wanda aka koya mata babu shi a ciki. In ana so horo ya zauna, dole kantin maganin asibiti ya riƙe iri ɗaya ya daɗe a kai, a farashin da ba zai kori talaka zuwa tsallaken titi ba, kada kuma a canza kamfani duk lokacin da aka canza ɗan kwangila ba tare da an sake zagaya ɗakuna ba. NAFDAC na da rawar takawa: duk wanda ta yi wa rajista, na gida ko na waje, ya zo da hoton yadda ake rufe shi a jikin kwali, manya-manya, wanda ko ba a iya karatu ba za a gane. Su ma masu kemis ɗin, mu daina yaudarar kanmu, suna yin allura, a ƙauyuka da yawa su ne asibitin. Mutanenmu kuma har gobe in ba a tsira musu allura ba gani suke ba a duba su ba. Allurar da ba a yi ba ba ta sukar kowa, don haka koya wa mai rubuta magani ya ba da ƙwaya inda ƙwaya ta isa shi ma yana cikin wannan aikin.

Horo sau ɗaya kuma ba zai riƙe ba, don mutanen ba sa zama. Kai da bakinka ka ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma kuma ta ce nas-nas sama da 15,000 suka fita a 2023 kaɗai. Wadda aka horar bana, baɗi tana Ingila ko Saudiyya. Waɗanda suka rage a bakin gado ɗalibai ne, da sababbin likitoci masu neman ƙwarewa, da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan sa-kai, kuma su ne suka fi yawan ɗaukar jini da sa ƙarin ruwa. Saboda haka abin ya shiga makon farko na duk wanda ya kama aiki, ya shiga makarantun jinya da na ungozoma da kwalejojin kimiyyar lafiya, ya fito a jarrabawar aikin hannu. Ɗakunan gwajin makarantu da yawa har yanzu da tsohon sirinji suke koyarwa. Muna yaye yara da hannun da za mu zo muna fama da shi daga baya. Majalisun da ke sabunta lasisi suna ƙarƙashin ma'aikatarka, kuma dama suna neman shaidar ƙarin ilimi kafin su sabunta. Su karɓi sa hannun mai koyarwa ta ɗaki kamar yadda suke karɓar takardar otal.

Na san za a ce minista ba shi da iko da asibitin jiha, balle ɗakin shan magani na ƙaramar hukuma. Haka ne. Amma asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya a hannunka suke, kuma abin da suka yi shi saura ke kwaikwayo, don a can kowa ya yi karatu. Majalisar Lafiya ta Ƙasa tana tara maka kwamishinonin jihohi duka a zaure ɗaya. Asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, yana isa dubban ƙananan asibitoci da sharuɗɗansa, ƙara sharaɗi ɗaya ba zai karya shi ba. Wanda ya iya zama da sarakuna har rigakafin shan inna ya shiga gidajen da a da ake rufe masa ƙofa, wannan ba zai gagare shi ba.

In Allah ya kai ka ziyarar wani asibiti nan gaba, ranka ya daɗe, ka bar su su gama nuna maka sabon gini da injin da aka goge saboda zuwanka. Sannan ka nemi ɗakin yara, ka ce nas ɗin da ta fi kowa ƙanƙanta ta ɗauko kanular da suke aiki da ita ta nuna maka yadda ake rufe ta, ka tambaye ta wa ya koya mata kuma yaushe. Ka tambayi mai sharar ɗakin ko an yi mata allurar hanta, sau nawa. Ka ce a kawo maka littafin rahoton suka. In an kawo shi fari fat a asibitin da ke yin ɗaruruwan allurai kullum, kada ka yaba musu, ka tambayi shugaban asibitin me ya sa ma'aikatansa ke tsoron rubutawa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa a gama lafiya.

Wassalam.

Taka,
Wata tsohuwar nas.